Tausar Tafin Ƙafa: Hutu Ko Magani?

Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata kan ƙafa: kaushi, faso, tsamin jiki. A cikinsu na ware guda biyar da suka haɗu a kan tausar nan ta tafin ƙafa da ake kira rifileksoloji, wadda yanzu har a gidan biki za ka ji mata na ba juna labarinta.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni tela ce a Gwammaja. Ummanmu tana fama da hawan jini shekara shida ke nan, ga rashin barci, sai ta kai ƙarfe biyun dare idonta biyu. Wata ƙawata ta kai mu wani shago da ake tausar ƙafa. Akwai ƙaton hoton tafin ƙafa a bango, an rarraba shi da launi kala-kala, nan ƙoda, nan hanta, nan zuciya. Wallahi Anti, ranar da aka yi mata da ƙyar ta yi isha'i, ba ta farka ba sai da aka kira asuba. To amma da matar ta danna tsakiyar ƙafarta Umma ta ce wash, sai ta ce wai ƙodarta ce ta fara taɓuwa, sai an yi zama goma, kuma in an yi nisa za ta iya rage ƙwayoyin asibiti. Hankalina ya tashi. Da gaske ana gane ciwon ƙoda ta ƙafa? Kuma me ya sa ta barci haka?

AMSA: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan kula da kike yi da mahaifiya. Barcin da Umma ta yi ban yi mamakinsa ba ko kaɗan. Na yi shekara ashirin da ɗoriya a sashen gashi na asibiti a nan Kano, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ga mara lafiya ya fara gyangyaɗi ƙafarsa tana hannuna. Maganar ƙodar da ta rage magani ce ba na tare da su. Matar ta zuba miki abu mai amfani da abu mai haɗari a kwano ɗaya, bari in tsince miki su.

Tausar ƙafa tsohuwar aba ce. A Sakkara ta ƙasar Masar akwai wani kabari na zamanin Fir'aunoni, ya haura shekara 4,000, wanda aka zana mutane a bangonsa ana riƙe musu ƙafa da hannu, kuma masu wannan sana'a suna yawan kafa hujja da shi. Amma shi hoton da kika gani a shago, asalinsa Amurka ne. A 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, ya fito da ra'ayin cewa jikin mutum ya kasu gida 10 a tsaye, 5 a dama 5 a hagu, kamar yadda kike tsaga yadi a tsawonsa, kowane tsagi ya taso daga ka ya ƙare a yatsa ɗaya na hannu da ɗaya na ƙafa. A cewarsa in aka matse wani wuri a cikin tsagi, zafin da ke wani wuri a tsagin zai lafa. Har mataji da abin maƙale shanya yake sa wa mutane a yatsu. Bayansa, a shekarun 1930, wata mata mai irin aikina, Eunice Ingham, ta mayar da hankalinta kacokan kan ƙafa, ta zana wa kowane sashe na jiki mazauni a tafin, ta fitar da littafi a 1938. Daga nan taswirar ta bazu.

Ga yadda suka tsara ta. Yatsu su ne kai, babban yatsa shi ne ƙwaƙwalwa. Tudun nan da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji da huhu. Kwarmin tsakiya nan ne tumbi da ƙoda da hanji, hanta kuma a ƙafar dama tunda a dama take a jiki. Diddige shi ne ƙugu da mara. Gefen ƙafa na ciki, daga babban yatsa zuwa diddige, shi ne gadon baya. Mai tausar za ta lanƙwasa babban yatsan hannunta ta riƙa tafiya da shi kaɗan-kaɗan, danna, saki, matsa gaba, kamar tafiyar tsutsa a kan ganye, har ta zagaye tafin duka. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda.

To, a karatun jikin ɗan Adam da muka yi, babu wata jijiya da ta taso daga kwarmin ƙafa ta zarce ƙoda, ko daga babban yatsa ta je ta gyara ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙafa laka suke kai saƙo, daga laka ya hau sama. Su kansu taswirorin ba su daidaita da juna ba, in kika jera na makarantu biyu za ki ga wannan ta ajiye wani sashe a nan, waccan ta gusar da shi. An kuma gwada abin. An kawo wa masu tausa marasa lafiya ba tare da an faɗa musu ciwon kowa ba, aka ce su gano ta ƙafa, ba su iya ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Exeter a Ingila ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan rifileksoloji ya tace su, abin da ya fito da shi shi ne babu gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta. Wani abin lura ma, akwai gwajin da aka raba mutane gida biyu, waɗannan aka bi musu taswira, waɗancan aka yi musu tausar ƙafa kawai irin ta kowa, sai aka tarar duka sun ji sauƙi kusan daidai. Wannan sakamakon ya fi kowane tsaya min a rai, don yana nuna inda albarkar take: a hannu take, ba a hoton bango ba.

Me ya kawo barcin ke nan? Jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da numfashi da hanji ba tare da saninmu ba iri biyu ne. Akwai na tashin hankali. Su ne ke aiki sa'ad da kike tsallaka titi a Ƙofar Mata adaidaita sahu ya yanko ta gabanki: gaba ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, jiki ya ɗaure. Akwai kuma na kwanciya, masu aiki bayan kin ci tuwo kin miƙe a tabarma: bugun zuciya ya sauka, numfashi ya yi tsawo, naman jiki ya saki. Mai yawan tunani da rashin barci, na farkon ne suka ƙi sauka daga aiki. Taɓawa mai taushi, a hankali, da maimaici iri ɗaya, tana daga cikin abubuwan da ke miƙa ragama ga na biyun. Haka uwa ke bubbuga bayan jariri har ya yi luf. Tafin ƙafa kuwa wuri ne mai tsananin ji, shi ya sa cakulkuli ya fi kama shi. Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da mahaɗa 33, yini suke ɗauke da nauyin mutum, ba mai waiwayarsu sai wajen alwala.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. In kika buge ƙwauri da kujera, hannunki ne zai fara kai wa wurin ki murza. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka yi bayanin dalili: saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka kamar masu shiga ƙofa ɗaya, in na taɓawa ya cika ƙofar sai na zafi ya ragu. Ki ɗora a kan wannan cewa Umma ta samu kusan awa guda a kishingiɗe, ba kukan jika, ba sallamar baƙi, ba tunanin cefane, wata tana mata hidima ita kaɗai. Yaushe rabon da ta samu haka? Iyayenmu mata sukan shekara ba su samu ba. Shi ya sa a wasu asibitocin Ingila ake yi wa masu fama da ciwon daji wannan tausa, ba don ta taɓa cutar ba, sai don ta rage musu fargaba su samu sa'ida, maganinsu na asibiti kuma yana nan yadda yake.

Zafin da Umma ta ji a tsakiyar ƙafa, akwai wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta shimfiɗu daga diddige zuwa gindin yatsu. Ga mai shekaru, ko mai jiki, ko mai yawo da silifas marar tudu, in aka danna ta dole a ce wash. Ba ruwanta da ƙoda. Sai dai ina so ki riƙe wannan: shi hawan jini da kansa yana cin ƙoda a hankali, ba tare da ya yi sallama ba. Don haka ranar da za ku koma ganin likita, ki roƙa a yi mata gwajin jini da na fitsari na ƙoda. Nan ne ake ganewa.

Ƙwayoyi kuwa, don girman Allah kada a taɓa ko ɗaya sai da izinin likitanta. Awon jini yana iya ɗan sauka bayan tausa, kamar yadda yake sauka bayan kowane hutu, gobe kuma ya koma inda yake. Yawancin waɗanda na yi wa gashi bayan shanyewar ɓarin jiki, in na tambayi 'yan uwa sai in ji magana ɗaya: ai ya ji sauƙi ne ya ajiye maganin. Na ji wannan magana har ta ishe ni, ba na so in ji ta daga gidanku. In kuna da halin komawa tausar, ku koma don hutu. Amma wadda ta ce a rage magani, ni dai ba zan sake miƙa mata ƙafar uwata ba.

TAMBAYA: Malama, a unguwarmu an kawo wani inji, ana sa ƙafa a ruwan gishiri a kunna, sai ruwan ya koma ja ya yi baƙi, a ce dattin jiki ne ya fita. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ɗana, ba haka ba ne. A cikin robar akwai ƙarfe da aka haɗa da lantarki. Wuta da gishiri ne ke cin ƙarfen, abin da kake gani tsatsa ce. Ka roƙe su su kunna injin ba tare da kowa ya sa ƙafa ba, ruwan zai rine haka nan. Hanta da ƙoda su ne masu tace jini, ba tafin ƙafa ba. Ka riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Hajiya, ina Kantin Kwari, yini nake a tsaye ina sauke bandir ina warware wa masu saye. In na dawo gida ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ba na son zuwa shago wata ta taɓa ni. Uwargida ta ce in za a koya mata za ta yi min. Ya ake yi?

AMSA: Alhaji, ka gaishe min da uwargida, ta kyauta. Wannan wasiƙa ta tuna min da Innata, Allah ya jiƙanta. Surfe da daka take yi na kuɗi a gidanmu na cikin birni, tun hantsi tana tsaye a bakin turmi. Bayan isha'i sai ta miƙe ƙafa a tabarma ta ce, 'yar nan, zo ki taka min. Akwai wani gwangwanin man kaɗanya da ke zaune a kan taga, a hunturu ya daskare sai na kara shi jikin fitilar ƙwai ya narke. Ina tuna diddigenta a tafin hannuna, kaushi kamar bayan ƙwarya, da yadda take fara ba ni labari da ƙarfi, muryar ta riƙa yin ƙasa, ta riƙa yin ƙasa, har in ji carbin ya sulale daga hannunta. Ba ta san wata taswira ba, ni ma a lokacin ban sani ba. Da na shiga makaranta aka koya min sunayen ƙasusuwan, sai na tarar hannuna ya riga ya san su.

Ga yadda uwargida za ta yi. Ka fara jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, ta taɓa ruwan da gwiwar hannunta tukuna, ɗumi ake so ba zafi ba. A tsane sosai da tawul, har tsakanin yatsu. Ka kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwa, ƙafar a kan cinyarta. Ta murza man kaɗanya ko man zaitun kaɗan a tafin hannunta ya yi ɗumi. Mai in ya yi yawa yatsa zai riƙa zamewa, ba za ta iya dannawa ba.

Kada ta fara da danna. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu ta shafo daga yatsu zuwa idon sawu sau da yawa, riƙo mai ƙarfi, don sassauƙan shafa cakulkuli yake kawowa. Sai ta tallafi diddige da hannu ɗaya, ta juya ƙafar a hankali, dama sannan hagu. Daga nan babban yatsanta ya fara tafiyar nan ta tsutsa daga diddige zuwa gindin yatsu, layi-layi kamar mai bin kunya a gona. A kwarmin tsakiya ta dunƙule hannu ta mirgina gaɓoɓin yatsunta. Kowane yatsa ta kama shi ta murza ta ɗan ja shi, ba sai ya yi ƙara ba. Ga mai tsayuwa irinka, rabin gajiyar a sharaɓa take, don haka ta haura ta matsa ta daga ƙasa zuwa sama. Minti 10 kowace ƙafa ya isa. Ma'aunin ƙarfi shi ne fuskarka: in kana yamutsa ta ko kana riƙe numfashi, ta sassauta. Maganar da ake yi cewa sai ya yi zafi yake aiki ba ta da tushe.

A ajiye waya, a rage hira. Ka kuma duba takalmin da kake yini da shi, in shafaffe ne ka sauya mai taushin ciki, ka samu ɗan benci a shago kana zama lokaci-lokaci. Sharaɗina ɗaya ne, Alhaji: ita ma yini take a tsaye tsakanin murhu da wanki. In ta gama, ku yi musaya.

TAMBAYA: Anti, cikina wata bakwai, ƙafata tana kumbura da yamma. Zan iya zuwa tausar? Daga 'yar uwarki a Tarauni.

AMSA: Allah ya raba lafiya. Ɗan kumburin yamma a ƙafa biyu abu ne da aka saba gani a tsohon ciki, ɗora ƙafa a kan matashi da shafa mai taushi a gida suna taimakawa. Amma ki fara faɗa wa malaman awo kafin ki je wa kowa, kuma ban da danna mai ƙarfi. In kumburin ya zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannu, ko da ciwon kai da gani dishi-dishi, wannan ba na tausa ba ne, alamar hawan jinin masu ciki ce mai kai wa ga jijjiga, ki tafi asibiti a ranar. Haka in ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, sharaɓar ta yi zafi tana ciwo. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka matsa gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Kada kowa ya taɓa ta.

TAMBAYA: Hajiya, Babanmu yana da ciwon suga. Yayanmu ya sayo masa takalmin nan mai tsini-tsini a ciki, wai yana danna wuraren da ke ta da jijiyoyi. Baba ya ce shi ko tsinin ba ya ji, yini yake da shi. Mun ɗauka alamar ya karɓe shi ne. Daga wani magidanci a Ɗorayi.

AMSA: Malam, ka cire masa takalmin nan yau, kada a kai gobe. Rashin jin tsinin shi ne abin tsoron. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can, sai mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Na taɓa karɓar wani dattijo mai fara'a, ɗinkin hula yake yi, wanda aka kawo mana koyon tafiya da sanda bayan an yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Da na bi labarin, ɗan ƙaramin ƙulli ne ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsa daga irin wannan takalmi. Ya yi makonni yana takawa a kai, sai da wari ya fito iyalinsa suka lura. 'Yarsa ce ta sayo masa, don ƙauna. Har muka sallame su ba ta iya haɗa ido da ni in ana maganar, ni kuma na rasa kalmar da zan ba ta.

Mai suga ba a yi masa danna mai ƙarfi, ba a jiƙa masa ƙafa a ruwan zafi, ba ya kara ta a gawayi ko da sanyi ya kai ina, ba a yanke masa kaushi da reza, ba ya yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Shafa mai a hankali ba laifi in fatar lafiya take, a shafa sama da ƙasa amma a bar tsakanin yatsu a bushe, don danshi a nan ne ke kawo cin ruwa. Duk mai buɗaɗɗen rauni, ko targaɗe ko karaya da ba ta gama ɗoruwa ba, shi ma a dakata masa da tausa.

Ku sanar da likitansa cewa Baba ya daina jin ƙafarsa, akwai gwajin da ake yi da wani siririn zare mai kama da na kamun kifi, ba ya cin lokaci. Kafin nan, yau da daddare bayan ya yi alwala, ka zaunar da shi ka ɗora ƙafarsa a cinyarka, ka kunna fitilar wayarka. Ka duba diddige, ka duba tafin, ka buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. In ka ga ja, ko ƙulli, ko tsagewa, ko wurin da ya yi baƙi, gobe da sassafe ku kama hanyar asibiti.